Lissafina a R yana cin awa tara: yaya zan raba wa kwamfuta aikin ta yi shi lokaci guda?

Tambayar ta fito ne daga wata ɗaliba mai rubuta kundin digiri na biyu kan allurar rigakafin yara. Tana yin bootstrap, wato sake zaɓen samfuri ta ƙuri'a daga bayananta ana maimaita lissafi, sau 2000 a R, manhajar lissafin ƙididdiga, kowane zagaye tana gina model da umarnin glmer na ƙunshin lme4, kuma aikin yana cin kusan awa tara a laftof ɗinta mai Windows da RAM giga 8. Ta leƙa Task Manager ta ga firosesa takwas, amma aikin da ake yi bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Ta gwada mclapply, umarnin R na raba aiki, R ya ce mata ba a yin haka a Windows. Ga kuma R ɗin da yake kafewa, ba ta iya taɓa komai sai ya gama. Sau biyu ana ɗauke wuta, batir ya ƙare, aikin dare guda ya bi ruwa.

Malama, sannu da ƙoƙari. Kashi 13 ɗin nan da kika gani shi ne bakin zaren. Ki raba ɗari gida takwas, za ki samu 12.5. Wato R yana aiki iya ƙarfinsa, amma da ƙwaya ɗaya tak daga cikin takwas ɗin, sauran bakwai suna zaune sun naɗe hannu. Ƙwaya nake kiran abin da masu sayar da kwamfuta suke ce wa core. Haka aka gina R tun asali: layi ɗaya yake karantawa, ya gama, ya ɗauki na gaba. Hanyar da aka saba bi a sa sauran ƙwayoyin aiki ita ce a buɗe wasu R ɗin daban a bayan fage, kowanne da nasa ɗakin ajiya, a miƙa wa kowa kasonsa, in sun gama su dawo da sakamako. Kusan duk wata matsala da za ki ci karo da ita nan gaba daga wannan take fitowa: ma'aikatan nan R ne dabam, ba su san abin da ke cikin naki R ɗin ba sai abin da aka aika musu.

Abu biyu kika haɗa a tambayarki, kuma gara a raba su. Na farko shi ne a yi ayyuka da yawa lokaci guda don a gama da wuri. Wannan aikin gayya ne, gona ɗaya, kowa ya kama kunyarsa. Na biyu shi ne ki ba da aiki ki tafi harkarki, ba sai kin tsaya a kansa ba, kamar yadda ake kai wa tela ɗinki a dawo ranar da ya sa. Tela ɗaya ne, bai ƙara sauri ba, amma ke kin samu sararin yin wani abu. Ana iya samun ɗaya babu ɗaya. Ke duka biyun kike nema, kuma ƙunshin future, wanda Henrik Bengtsson ya fara fitarwa a 2015, yana yin su duka.

Dalilin da mclapply ya ƙi ki mai sauƙi ne. Yana cikin ƙunshin parallel, wanda ya shigo R tun siga ta 2.14.0 a 2011, inda aka haɗe tsofaffin ƙunsoshi biyu, multicore da snow. Shi mclapply yana dogara ne da wata dabara ta Linux da macOS da ake kira fork, inda R mai gudana yake tsaga kansa gida-gida, kowane tsagi ya gaji duk abin da ke cikin na asali ba tare da an kwafe shi nan take ba. Windows ba ta da wannan dabarar, don haka da kin sa mc.cores ya wuce ɗaya za ta ƙi. Ko a Linux ɗin ma ba a son yin fork daga cikin RStudio, domin yakan iya rikita zaman gaba ɗaya, shi ya sa future yake kashe shi da kansa a can. Abin da ya rage miki shi ne a buɗe sababbin R daga tushe, wanda a future ake kira multisession. Yana aiki a ko'ina, kuma ni ko a Linux nake shi nake fara ɗauka, saboda lambar da na rubuta za ta gudu a kwamfutar abokin aikina ba sai an canja komai ba.

Kafin ki raba komai, ki mayar da zagaye ɗaya na bootstrap ɗin ya zama aiki mai cin gashin kansa: a ba shi bayanai, ya dawo da amsa, kada ya taɓa komai a waje. Tunda bayananki na ƙauyuka ne, na ɗauka ƙauyukan kike sake zaɓa, ba ɗaiɗaikun yara ba. Ga yadda zai kasance:

```r
zagaye_daya <- function(i, bayanai) {
  kauyuka <- unique(bayanai$kauye)
  zabi <- sample(kauyuka, replace = TRUE)
  sabo <- do.call(rbind, lapply(seq_along(zabi), function(j) {
    x <- bayanai[bayanai$kauye == zabi[j], ]
    x$kauye <- j
    x
  }))
  m <- lme4::glmer(rigakafi ~ ilimi + shekaru + (1 | kauye),
                   data = sabo, family = binomial)
  lme4::fixef(m)
}

library(future.apply)
plan(multisession, workers = 3)
sakamako <- future_lapply(1:2000, zagaye_daya,
                          bayanai = bayanai, future.seed = 5000)
plan(sequential)
```

Ki lura da layin ƙarshe na cikin aikin. Lambobi uku ko huɗu kawai yake dawowa da su, ba model ɗin gaba ɗaya ba. Model na glmer yana ɗauke da kwafin bayanan da aka gina shi da su, in kika ce a dawo miki da guda 2000 to kin cika RAM da kaya marasa amfani, kuma kowanne sai an naɗe shi an turo shi daga ma'aikaci zuwa gare ki. Na sha ganin aikin da rabin lokacinsa a wannan jigilar yake tafiya. Haka kuma, in tsohuwar lambarki tana rubuta amsa cikin wani abu da ke waje, irin su sakamako[i] a cikin for, ko tana amfani da alamar <<-, to ki sani wannan ba zai yi ba. Ma'aikacin zai rubuta a nasa kwafin, ya rufe, naki yana nan wayam.

Za ki ce don me na sa uku alhali kina da takwas. Takwas ɗin da Task Manager ya nuna miki mai yiwuwa huɗu ne na gaske, kowace ƙwaya tana nuna kanta a matsayin biyu. Ki tambayi R da parallel::detectCores(logical = FALSE), ki ga abin da zai ce. A aikin lissafi zalla irin naki, waɗancan huɗun na ƙari ɗan abin da suke ƙarawa kaɗan ne, ba ninki ba. To in huɗu ne, ki bar ɗaya wa Windows da burauza da ke kanki. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne RAM. Mai kiran gayya shi ke ciyar da 'yan gayya. Kowane ma'aikaci sai ya loda lme4, ya riƙe nasa kwafin bayanan, ya kuma riƙe sabon samfurin da ya haɗa da model ɗin da yake ginawa. Ki gudanar da zagaye ɗaya kina kallon Task Manager, ki ga nawa R ya ci a ƙololuwarsa, ki ninka da yawan ma'aikata. In jimillar ta kusa cinye abin da Windows ta rage miki daga giga 8 ɗin, kwamfutar za ta fara zuba kaya a faifai, daga nan kuma sai ki ga ma'aikata shida sun fi ɗaya jinkiri. Wannan ba wasa nake ba, yana faruwa.

Akwai wani shinge da future ya kafa saboda wannan. In kayan da za a aika wa ma'aikaci sun haura mega 500, zai tsaya ya yi ƙorafi, ya ambaci future.globals.maxSize. Yawancin mutane da sun ga haka sai su ruga su ɗaga iyakar. Ni shawarata ki fara tambayar kanki abin da ya sa kayan suka kai haka. Bayanan binciken gida-gida sukan zo da ginshiƙai ɗaruruwa, model ɗinki kuwa huɗu yake buƙata. Ki yanke su tun kafin ki aika, da wuya ki sake ganin wannan ƙorafin.

Kada ki sa rai ma'aikata uku za su ba ki ninki uku cif. Gene Amdahl ya yi wannan lissafin tun 1967: ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin da za a samu. In kashi 90 na aikin yana rabuwa, kashi 10 kuma dole a yi shi a jere, ma'aikata huɗu za su ba ki ninki uku da ɗan ɗori, takwas ba za su kai ninki biyar ba, kuma ko dubu kika tara ba za ki wuce ninki goma ba. Ke kin yi sa'a, bootstrap yana cikin ayyukan da suka fi daɗin rabawa, domin babu zagayen da yake jiran ɗan'uwansa. Awa tara a raba wa 2000, kowane zagaye yana cin daƙiƙa 16 ke nan, wanda ya isa ya biya kuɗin jigila har da riba. Da ma'aikata uku ina sa ran ki sauko wajen awa uku da wani abu. Da a ce kowane zagaye ƙiftawar ido yake ɗauka, da na ce ki bar shi yadda yake, domin buɗe ma'aikata da aika musu kaya zai fi aikin kansa tsada.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, domin nan ne kuskure yake shiga kundi ba tare da R ya ce uffan ba. Bootstrap kacokan a kan lambobin ƙuri'a yake tsaye. Kwamfuta kuwa ba ta jefa ƙuri'a ta gaskiya, jerin lambobi take bi wanda yake farawa daga irin da aka shuka da set.seed. Iri ɗaya, jeri ɗaya. A R guda ɗaya wannan alheri ne, kin sa set.seed a sama, gobe ki sake gudanarwa ki samu amsa iri ɗaya. Da an raba aiki sai lamarin ya canja. Set.seed ɗin da kika sa a naki R bai isa ga ma'aikata ba. In kuma kika ce bari ki gyara, kika sa shi a cikin zagaye_daya, to duk zagaye 2000 ƙauyuka iri ɗaya za su zaɓa, amsa ɗaya ce za ta fito sau 2000.

Wancan kuskuren da sauƙi, ana ganinsa nan take. Wanda ya kama ni shekarun baya ya fi shi wayo. Ina amfani da parLapply, wani umarnin raba aiki na ƙunshin parallel, da ma'aikata huɗu, na aika wa kowannensu set.seed da lamba ɗaya, ina ganin na yi abin kirki. Aiki ya gama, na zana hoton rarrabuwar amsoshin, ya fito da kyau kamar ƙararrawa, na rubuta tazarar amincewa a rahoto. Bayan kwana biyu ina duba wani abu daban sai idona ya faɗa kan amsa ta 1 da ta 501, na ga lambobi iri ɗaya har ƙarshen ɗigo. Na duba ta 1001, ita ce dai. Na buga length(unique()) a kai, R ya ce 500. Ashe ma'aikatan huɗu hanya ɗaya suka bi sawu a sawu, zagaye 500 na yi aka maimaita mini sau huɗu, ni kuma na rubuta 2000 a rahoto. Allah ya sa ban riga na miƙa ba.

Maganin wannan shi ne injin ƙuri'a da aka ƙera musamman don a raba shi rafi-rafi, kowane rafi nesa da ɗan'uwansa yadda ba za su haɗu ba. Wanda R yake da shi sunansa L'Ecuyer-CMRG, daga aikin Pierre L'Ecuyer na Jami'ar Montreal a Kanada. Shi ne future.seed yake kunnawa. Abin da ya fi burge ni a nan, future_lapply kowane zagaye yake yanka wa nasa rafin, ba kowane ma'aikaci ba. Saboda haka in kin gudanar da ma'aikata uku yau, malaminki ya gudanar da goma sha biyu a kwamfutar ofis, ko ma a jere ba rabawa, samfuran da za a zaɓa iri ɗaya ne. In kin manta ba ki sa future.seed ba alhali aikin yana jefa ƙuri'a, zai yi miki gargaɗi. Kada ki share wannan gargaɗin. Mai amfani da parLapply kuma clusterSetRNGStream zai kira, sai dai a can amsar tana canjawa in yawan ma'aikata ya canja.

Sai maganar wuta. Rage aikin zuwa awa uku ya taimaka, amma awa uku ma ta isa a ɗauke wuta sau biyu. Kada ki bari aikin ya zama dunƙule ɗaya wanda sai ya ƙare ake ganin amfaninsa. Ki yanka shi kashi-kashi, kowane kashi ya sauka a faifai da zarar ya gama:

```r
plan(multisession, workers = 3)
for (k in 1:20) {
  fayil <- sprintf("kashi_%02d.rds", k)
  if (file.exists(fayil)) next
  r <- future_lapply(1:100, zagaye_daya,
                     bayanai = bayanai, future.seed = 5000 + k)
  saveRDS(r, fayil)
}
plan(sequential)
```

Kowane kashi minti tara ko goma ne. In kwamfuta ta mutu a kashi na 14, wuta ta dawo, kika sake gudanar da wannan lambar, za ta tsallake 13 ɗin da suke ajiye ta ci gaba daga inda ta tsaya. Asarar ba za ta wuce minti goma ba. Kowane kashi da nasa iri, don haka na 14 ɗin da aka sake daidai yake da wanda da ya fito da ba a katse shi ba. A ƙarshe ki karanto fayilolin da readRDS ki haɗe su. Abu ɗaya za ki kiyaye: in kin canja model ɗin, ki goge tsofaffin fayilolin ko ki canja musu suna, in ba haka ba za ki haɗa tsohon lissafi da sabo.

Ki kuma tuna laftof a kan batir takan rage wa firosesa gudu don ta adana caji, kuma in ta yi zafi takan rage da kanta. Ƙwaya uku suna aiki ba tsayawa a zafin watan Afrilu ba ƙaramin abu ba ne. Ki ɗora ta a kan tebur, ba a kan katifa ko filo ba, ki ɗan ɗaga bayanta iska ta shiga, ki kuma hana Windows yin barci yayin da aikin ke tafiya.

Mu koma kan kafewar R. Future_lapply yana raba aiki, amma naki R ɗin yana tsaye yana jiran su gama. In kina so ki ci gaba da rubutu ko zana hotuna yayin da wani lissafi yake gudana, to ki kai wa tela:

```r
f <- future({
  lme4::glmer(rigakafi ~ ilimi + shekaru + (1 | kauye),
              data = bayanai, family = binomial)
})
resolved(f)
m <- value(f)
```

In plan(multisession) yana kunne, layin farko nan take yake dawo miki da R ɗinki, aikin kuma yana can wurin ma'aikaci. Resolved kamar kiran telan ne a waya ki ji ko ya gama, zai ce TRUE ko FALSE ba tare da ya tsare ki ba. Value kuma zuwa karɓar ɗinkin ne, in bai gama ba sai ki zauna a benci har ya gama. Ki sani in duk ma'aikatan suna da aiki a hannu, kika ƙara kiran future, shi ma zai tsaya jiran wani ya samu sarari. Wannan dabarar tana da kyau in kina da model uku ko huɗu mabambanta da kike son kwatantawa, ki tura su duka ki karɓe su daga baya. Amma ga dogon bootstrap ɗin nan ni ba zan wahalar da kaina ba. Zan zuba lambar kashi-kashin a fayil guda, in gudanar da shi ta Background Jobs na RStudio, ko da Rscript daga tagar umarni. Yana can yana ajiye fayilolinsa, ni ina nan ina aikina, ina ƙirga fayiloli in ga inda aka kwana. Masu gina manhajar intanet da Shiny na R su ne suke da buƙatar salon kai wa tela da gaske, domin lissafin mutum ɗaya yana iya tsare duk masu amfani da manhajar, kuma don su aka yi ƙunshin promises.

Akwai kayan da ba sa tafiya wurin ma'aikaci ko an aika su. Haɗin da kika buɗe da rumbun bayanai yana cikinsu, haka taswirar da aka loda da ƙunshin terra, domin abin da R yake riƙe da shi adireshi ne kawai na wani wuri a ɗakin ajiyar naki R ɗin, a wurin ma'aikaci adireshin ba ya kai ko'ina. Irin waɗannan sai kowane ma'aikaci ya buɗe nasa a cikin aikin, ko a naɗe taswirar da wrap a kwance ta da unwrap a can. In kina amfani da ƙunshin data.table a cikin zagayen, shi da kansa yana jan ƙwayoyi da yawa, sai ki sa setDTthreads(1) a cikin aikin don kada ma'aikata su yi ta turereniya a kan ƙwaya huɗu.

A cikin samfura 2000, wasu za su zo da karkata, glmer ya yi gargaɗin bai daidaita ba, ko ya faɗi gaba ɗaya. Zagaye ɗaya in ya faɗi zai ja kashin duka. Ki naɗe kiran glmer tare da na fixef a cikin tryCatch ya dawo da NA in an samu kuskure, daga baya ki ƙirga nawa ne suka faɗi, ki rubuta adadin a kundin. In biyar ne cikin 2000 babu damuwa sosai. In ɗari biyu ne, to matsalar ba ta sauri ba ce, model ɗin ne yake buƙatar a sake zama a kansa. A nan future ya fi parLapply, domin yana dawo miki da gargaɗin da ma'aikata suka yi, shi kuwa parLapply haɗiye su yake.

Kafin ki saki aikin dare, ki gwada da zagaye 12 kacal. Ki gudanar da su da plan(sequential), ki auna lokaci da system.time, ki sake gudanar da su da multisession da iri ɗaya, ki kwatanta sakamakon biyu da all.equal. In sun dace, kuma na biyun ya fi sauri, ki saki 2000 ɗin. In kuskure ya fito a multisession wanda ba ki gane kansa ba, ki koma sequential ki neme shi a can, inda browser da traceback suke aiki kamar yadda kika saba. In an gama duka, ki cire NA ɗin, ki buga length(unique(sakamako)) ki tabbata adadin ya yi daidai da yawan zagayen da suka yi nasara.